Abin Wuya Mai Shokin: Shin Zai Hana Karenka Bin Akuyar Maƙwabta?

Mai karatu, in ka taɓa yin rani a Rogo ka san yadda abin yake. Da an gama kaka an kwashe amfanin gona, sai a kwance awaki da tumaki daga turke su shiga kiwo. Daidai lokacin ne kuma 'yan farauta ke fitowa da karnukansu. To, a nan ake yin ta.

Hutun da ya wuce na je gida na tarar da rigima a unguwarmu. Karen wani matashi ya fatattaki akuyar wata gwaggona, ya yage mata cinya, ga ta da ciki. Wannan akuya ita ce bankin gwaggo, da ita take sa ran biyan kuɗin makarantar jikanta. Sai da magana ta kai gaban mai unguwa. Da daddare mai karen ya nuna mini wani bidiyo a TikTok, ya ce: "Ɗan'uwa, ka ga maganin abin nan. Ka danna kawai, kare ya ƙame."

Abin da ya nuna mini ɗamara ce da ake ɗaura wa kare a wuya. Tana da batir da ƙananan ƙarafa biyu masu taɓa fata, mai kare kuma yana riƙe da rimot. Da kare ya zabura zai bi dabba, sai a danna, lantarki ya fizge shi.

Kafin ka tura kuɗi a kawo maka, ga abin da bidiyon bai faɗa ba. Kare yana haɗa zafi ne da abin da ke gabansa a daidai wannan daƙiƙar. In ka makara wajen dannawa, idonsa kuma yana kan yaron da ke wucewa, to ka koya masa tsoron yara, ba barin akuya ba. Kare mai tsoro kuwa shi ne mai cizo. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta na'urar tun 2010. A 2020 masu bincike a Jami'ar Lincoln ta Ingila sun gwada hanyoyin horo, suka gano cewa karnukan da aka horar da lada sun fi saurin amsa kira a kan waɗanda aka sa wa shokin.

Gaskiya akwai inda ake amfani da ita. A New Zealand ana horar da karnukan mafarauta da ita don su guji tsuntsun kiwi. Amma ƙwararru ne ke yi, ana kuma maimaita horon lokaci-lokaci. Mu fa a nan? Wa zai koya maka? Ranar da caji ya ƙare a daji kuma fa?

Abin mamaki, iliminmu na gida ya riga na'urar. Dubi karen Fulani, yana kwana cikin garke bai taɓa ɗan maraƙi ba, domin tun yana ɗan kwikwiyo ya tashi da su. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ma ta yi magana ne a kan dabbar farauta da aka horar. Ke nan horo shi ne sharaɗi.

Saboda haka in kana da kare, ka fara tun yana ƙarami. Ka sa masa doguwar igiya, ka bi da shi kusa da awaki, ka kira sunansa, in ya juyo ka ba shi ɗan nama. Kullum, ba sau ɗaya ba. Ka daina barin sa da yunwa wai don ya yi zafin farauta, domin yunwa ba ta bambance zomo da ɗan akuya. In ba daji za ku ba, ya zauna a ɗaure. Ka kuma kai shi wajen likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin haukan kare.

Akuyar gwaggo dai ta rayu, amma ta yi ɓari. Mai karen ya biya kuɗin magani, yanzu kuma kullum da yamma za ka gan shi bayan gari da igiya a hannu.