Yawon Yini Guda a Tsibirin Kubrus

Kubrus shi ne tsibiri na uku mafi girma a Tekun Bahar Rum, amma yini guda ya isa a zaga duwatsunsa da gaɓarsa ta kudu. Daga Larnaka ake tashi da sassafe a nufi duwatsun Turodos, inda hanya ke lanƙwasa tsakanin gonakin inabi da dogayen itatuwa. Ƙololuwarsu, Olimfus, ta kai mita 1,952, kuma ƙanƙara kan lulluɓe ta a lokacin hunturu. A ƙauyukan yankin akwai tsoffin coci-coci goma masu zane a bango, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya.

Bayan azahar sai a gangaro Kuriyon, kusa da Limasol, a ga kufan tsohon birni da dandalinsa na dutse mai fuskantar teku.

Zangon da ya fi cancantar a daɗe shi ne na ƙarshe: masallacin Hala Sultan, a bakin tafkin gishiri na Larnaka. Nan kabarin sahabiya Ummu Haram bint Milhan yake, wadda ta rasu bayan ta faɗo daga kan dabbarta lokacin da rundunar Musulmi ta farko ta iso tsibirin, a zamanin Halifa Usman.