Hoton bibiya bayan maganin sankarar kai da wuya: wane lokaci, kuma sau nawa?

A cikin wannan takarda za mu duba matsayin hoto wajen bibiyar majinyacin da aka gama yi wa maganin sankarar baki, harshe ko maƙogwaro. An san cewa in cutar za ta dawo, galibi cikin shekara 2 na farko take dawowa, shi ya sa likita da majinyaci duka sukan ƙagu a ɗauki hoto. Amma wuyan da aka gasa da radiyoterapi ba ya karantuwa da sauƙi: nama ya kumbura, tabo ya yi tauri, iyakokin tsoka sun ɓace. Sikana da IRM siffa suke nunawa, ga shi kuwa tabo da ragowar cuta sukan yi kama.

Hoton PET wata hanya yake bi. Ana yin allurar wani sukari mai ɗauke da fuliyo-18. Da yake ƙwayoyin sankara sun fi sauran cin sukari, sai wurinsu ya haska. To amma nama mai kumburi shi ma yana ci. In an yi gaggawa, sati 4 ko 6 bayan gashi, wuri zai iya haskawa babu cuta, har a yanko nama don gwaji a maƙogwaron da jini ya riga ya ragu gare shi, rauni kuma ya ƙi warkewa. Wannan ne dalilin da ya sa aka tsaida sati 12.

Hujja mafi ƙarfi ta fito daga Ingila, a binciken PET-NECK na Hisham Mehanna da abokan aikinsa, wanda aka buga a 2016. An raba majinyata 564 masu manyan kaluluwa a wuya gida biyu. Kashi na farko an shirya masu fiɗar cire kaluluwa kai tsaye; na biyu an jira sati 12, an yi PET haɗe da sikana, ba a fiɗa sai in hoton bai wanke ba. An yi fiɗa 221 a kashi na farko, 54 kawai a na biyu. Bayan shekara 2, waɗanda ke raye sun kai kashi 81,5 cikin ɗari a na farko, 84,9 a na biyu. Ke nan jira bai kashe kowa ba. Wanda ya taɓa ganin kafaɗar da ta sanƙare bayan an taɓa jijiyarta a fiɗar wuya ya san darajar wannan bambanci.

Bayan wannan hoto na farko fa? Nan ne, a ganinmu, ake yawan wuce gona da iri. In hoton sati 12 ya wanke, majinyaci kuma ba ya kukan komai, ba a tabbatar da cewa maimaita PET kowace shekara yana tsawaita rai ba. Sau da yawa majinyacin ne da kansa yake kawo labari: ciwon kunne ɓangare ɗaya, dushewar murya, wuyar haɗiya, rama. Tambaya, lalube da hannu da leƙa maƙogwaro da madubin bututu su ne ginshiƙin bibiya. Tsohon mashayin taba dai ana duba masa huhu da sikana, don can ma cutar kan ɓulla.

Game da rubuta sakamako, ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta fitar da tsarin NI-RADS a 2018, mai daraja daga 1 zuwa 4: 1 babu alamar cuta, 2 a sake dubawa nan kusa, 3 a yanki nama, 4 cuta ta tabbata. Yana aiki ko da sikana kaɗai aka yi, kuma wannan ya shafe mu. An buɗe sashen radiyoterapi na cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa a Yamai a 2021, don haka masu buƙatar bibiya suna nan gida. Fuliyo-18 kuwa rabin ƙarfinsa kan tafi cikin minti 110, ba a ajiye shi, dole injin da ke sarrafa shi ya kasance kusa. Ko an samu PET ɗin ma, kaluluwar tarin fuka tana haskawa kamar ta sankara, sai gwajin nama ya raba gardama.