Marufin Hoto: Dabarar Ɓoyewa Ba Tare da Gogewa Ba

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata da ke birnin Kano ya ga yadda ake ɗaure wasu sassa na farin yadi da zare kafin a tsoma shi cikin baba. Idan aka tsamo aka kwance ɗaurin, sai a tarar wurin da zare ya kama ya fito da haskensa, sauran kuwa ya rine. Haka nan mai ƙunshi takan manna salatif a tafin hannun amarya kafin ta shafa lalle, domin inda salatif ya rufe lalle ba ya kamawa. Hikimar guda ce: a kāre wani wuri, a bar aiki ya sauka a kan sauran. Wannan hikima ita ce ginshiƙin gyaran hoto a na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta. Masu sana'ar suna kiranta maskin, a nan kuwa za a kira ta marufin hoto.

Daga Ɗakin Duhu Zuwa Kwamfuta

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Tun a shekarun 1850 wani Bafaranshe mai suna Gustave Le Gray ya lura cewa idan ya ɗauki hoton teku, sama takan fito fari fat saboda haskenta ya fi na ruwa. Sai ya riƙa ɗaukar hoto biyu, ɗaya na ruwa ɗaya na sama, ya haɗa su a kan takarda guda, yana rufe rabi yayin da yake buga ɗaya rabin. A 1857 kuma Oscar Rejlander ya haɗa hoto ɗaya a Ingila daga hotuna kusan 30. Masu wanke hoto a ɗakin duhu sun ci gaba da haka shekara da shekaru, suna tare haske da tafin hannu ko da guntun kwali.

A 1977 Ed Catmull da Alvy Ray Smith, masana kwamfuta a Amurka, suka ƙara wa kowane ɗigon hoto wata lamba da ke nuna yadda zai rufe abin da ke bayansa, suka kira ta alfa. A 1984 Thomas Porter da Tom Duff suka wallafa ƙa'idojin lissafin haɗa hotuna bisa wannan lamba. Manhajar Photoshop, wadda 'yan'uwan nan biyu Thomas da John Knoll suka ƙirƙiro, ta fito kasuwa a 1990, kuma a 1994 ta zo da tsarin ɗora hoto falle bisa falle. GIMP, wadda ake samu kyauta, ta bayyana a 1996.

Yadda Marufi Yake Aiki

Hoton kwamfuta tarin ƙananan ɗigogi ne, kowanne da lambar launinsa. Manhajar gyaran hoto tana jera hotuna kamar fallayen gilashi, wani bisa wani, na sama yana rufe na ƙasa. Marufi shi ne wani falle na musamman da ake liƙa wa hoton sama, wanda babu launi a cikinsa sai baƙi da fari da ruwan toka. Inda marufi yake fari, hoton sama yana bayyana. Inda yake baƙi, hoton sama yana ɓuya, na ƙasa ya leƙo. Inda yake ruwan toka kuwa, su biyun suna gauraya.

Tsakanin baƙi da fari akwai matakai 256, daga 0, wato baƙi ƙirin, zuwa 255, wato fari tas. Alal misali, a ce hasken wani ɗigo a hoton sama 200 ne, na ƙarƙashinsa kuma 100. Idan marufi ya bar rubu'i kaɗai ya wuce, kwamfuta za ta ɗauki rubu'in 200, wato 50, ta haɗa da kashi uku cikin huɗu na 100, wato 75, ɗigon ya fito da haske 125. Wannan ɗan lissafi, wanda ɗalibin aji ɗaya na sakandare zai iya yi a kan allo, shi na'ura ke maimaitawa sau miliyoyi a kan hoto guda cikin ƙiftawar ido.

Babban bambancin marufi da magogi shi ne, magogi yana share ɗigogi, kuma da zarar an adana hoto an rufe, sun tafi ke nan. Marufi kuwa ɓoyewa kawai yake yi. Mai gyara da ya zarce ya rufe kunnen mutum bisa kuskure, sai ya mayar da buroshinsa fari ya shafa, kunne ya dawo ko bayan wata guda ne, muddin an adana aikin da fallayensa.

Ire-iren Marufi

Na farko shi ne wanda ake shafawa da buroshi, kuma shi ne mafarin koyo. Na biyu ana zana shi da layi mai kaifi, ya dace da abubuwa masu santsin gefe irin su mota ko gini. Na uku yana amfani da siffar wani falle, kamar yadda ake cusa hoton mutum cikin manyan haruffa a fastocin finafinan Hausa da na 'yan takara. Na huɗu yana bin haske ko launi: a umarci na'ura ta zaɓi wuraren da suka fi haske kaɗai, ta haka a dawo da shuɗin sama ba tare da an taɓa fuskar mutum ba. Koren labulen da ake kafawa bayan mai karanta labarai a talabijin ɗan gidan nan ne, domin na'ura tana ɓoye duk abin da yake kore ta sa wani hoto a gurbinsa.

Wahalar aikin tana gefe. Hula zanna tana da sauƙin zagayawa, amma gemu da gashin kai da bakin mayafi shara-shara sukan gwada haƙurin gwani, domin a nan ɗigo ɗaya rabinsa mutum ne rabinsa bango. Ruwan toka ne maganin wannan. Akan tausasa gefen marufi kaɗan, in ba haka ba mutum ya fito kamar an yanke shi da almakashi. A yau wayoyin hannu da yawa suna zana marufi da kansu, shi ya sa bayan mutum ke dusashewa a wasu hotuna. A 2023 kamfanin Meta ya fitar da wata manhaja mai suna Segment Anything, wadda ke ware abu daga hoto da taɓawa ɗaya.

Darasi Daga Dareta

A farkon 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara a wasu ƙauyukan Jihar Zamfara. Bincike ya gano gubar dalma ce, wadda ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. A Dareta ta Ƙaramar Hukumar Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum, binciken hukumar CDC ta Amurka ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda. Jimillar yaran da suka rasu a yankin ta haura 400. An kankare ƙasar tsakar gidaje an zuba sabuwa, kuma aikin bai kai ga Bagega ba sai a 2013.

Dalma ba ta fitowa a hoto. Sai da na'urar awo da gwajin jini aka tabbatar da ita. Amma hotunan injinan niƙa da ƙura da yara a gadon asibiti su suka kai labarin ga mutanen da ba su taɓa jin sunan Anka ba. Ƙarfin irin waɗannan hotuna duka ya dogara ga abu ɗaya, wato mai kallo ya amince cewa abin da ya gani haka yake.

A ƙaddara akwai hoton wata tsakar gida, ga yaro zaune, ga buhunan dutse a gefensa. Mai gyara zai iya zana marufi a fuskar yaron ya dusashe ta domin ya rufa masa asiri, ya kuma bayyana a ƙarƙashin hoton cewa an yi haka. Zai iya ƙara haske a lungun da inuwa ta rufe domin a ga buhunan sosai. Waɗannan ba su sauya labari ba. Amma da buroshin nan guda zai iya ɓatar da buhunan, gida ya zama kamar babu haɗari, ko ya ɗauko yaro daga wani gari ya dasa shi a wurin. A 2003 jaridar Los Angeles Times ta kori mai ɗaukar hotonta Brian Walski saboda ya haɗa hotuna biyu da ya ɗauka kusa da Basra a Iraƙi ya miƙa su a matsayin ɗaya, alhali duka biyun na gaskiya ne.

Kammalawa

Ɗalibin da ya fahimci marufi ya sami ido na biyu. Idan aka turo masa hoto a waya, ya duba gefen mutum ko akwai wani siririn haske da ya zagaye shi, ya duba ko inuwoyi duka suna faɗuwa gefe ɗaya, ya duba ko ƙafafu sun taka ƙasa ko suna lilo. Rashin ganin waɗannan alamu ba ya wanke hoto, don haka ya nemi sanin wanda ya ɗauka da ranar da aka ɗauka. Malamai kuma za su iya fara darasin ko babu lantarki: a huda kwali, a ɗora bisa takarda, a shafa alli ko shuni, sannan a koma ga GIMP idan an sami kwamfuta. Sharaɗi biyu ya kamata ɗalibi ya riƙe tun ranar farko, wato ya ajiye asalin hoto ba tare da ya taɓa shi ba, kuma idan hoton shaida ne, ya faɗi duk abin da ya rufe.