Ƙofar Bas Mai Zamewa: Abin Da Ya Inganta Da Abin Da Bai Inganta Ba

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Daura zuwa Kano ta Kazaure, ko zuwa Katsina ta Mashi, ko kuwa ya bi ta Mai'aduwa ya nufi Kwangwalam a bakin iyakar Nijar, ba zai rasa sanin ƙarar nan da ƙofar bas take yi ba sa'ad da yaron mota ya ja ta, ta cije a tsakiya, ya sa kafaɗa ya banke ta, har dattawan da ke kusa su yi salati. Mafi yawan waɗannan motoci ƙirar Toyota Hiace ne, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1967, kuma da yake ƙofar tasu ta zama abin da kowa yake taɓawa, sai kowa ya zama mai fatawa a kanta, ruwayoyi suka yawaita a tasha da gareji, har ya zama wajibi a tsaya a rarrabe sahihinsu da mai rauni.

Kafin hukunci sai an san siffar abin. Ƙofar tana tafiya ne a kan hanyoyin ƙarfe uku, ɗaya a sama, ɗaya a tsakiyar jikin mota daga waje, ɗaya a ƙasa wajen matakala, kowace da 'yar tayarta mai boris a ciki. Ta sama aikinta shiryar da ƙofar, nauyi kuwa na tsakiya da ta ƙasa ne suke ɗaukarsa. 

Ruwayar da ta fi shahara ita ce wai maganin ƙofa mai cijewa a cika hanyarta da giris, in babu giris a zuba baƙin mai. A nan gaskiya ta cakuɗe da kuskure, shi ya sa maganar take da wuyar kashewa. Haƙiƙa boris yana bukatar maiƙo, kuma ranar da aka shafa ƙofar takan yi santsi har direba ya yi godiya. Amma ƙasarmu ta rairayi ce, kuma idan hunturu ya kama, iskar arewa ta taso da ƙura, giris ɗin da aka lafta shi ne yake kama yashi ya riƙe, su haɗu su zama kamar dutsen wasa wuƙa, suna cin taya da hanyarta a kowace buɗewa. Baƙin mai ya fi muni, domin yana ɗauke da toka da ɓurɓushin ƙarfen inji, yana kumbura robar bakin ƙofa, ga ɓata farar rigar bayin Allah da suka yi shirin Juma'a. Abin da ya inganta shi ne a fara wanke hanyar tas, a tone yashin da takalman fasinja suka tara a ta ƙasa, a busar, sannan a shafa maiƙo kaɗan.

Akwai kuma masu cewa da zarar ƙofa ta sunkuya, to jikin motar ne ya karkace, sai walda. Wannan yana yiwuwa ga motar da ta taɓa haɗari ko ta daɗe tana shan lodin da ya fi ƙarfinta, irin na ranar kasuwa, amma galibi illar ba ta kai can ba: ko taya ta cinye, ko notin da ke riƙe hannunta ya kwance, kuma maƙera sun bar wa hannun nan sarari domin a ɗaga ko a sauke har ƙofar ta daidaita da makullinta. Bakanike mai amana da wannan yake farawa. Wanda ya yi gaggawar kawo wuta yakan narkar da robar taya, ya ƙone fentin da ke kare ƙarfe, sai damina ta zo tsatsa ta shiga.

Maganar cewa tayar da aka ciro daga tsohuwar motar waje, irin wadda ake nema a Ƙofar Ruwa a Kano, takan fi sabuwa mai araha ƙarko, tana da asali, da sharaɗin a juya ta a hannu a ji ba ta gurnani, ba ta kuma rawa.

Wadda na fi ƙyama a cikin ruwayoyin duka ita ce ta masu cewa lilon da yaron mota yake yi a jikin ƙofa ba ya cutar da ita, kuma in makulli ya lalace igiya ko tsinken roba ya wadatar. Wannan batili ne da ba shi da madogara. An auna tayoyin nan ne da nauyin ƙofa kaɗai, ba da nauyin saurayi yana reto mota tana faɗawa ramuka ba. Kuma ƙofar da aka ɗaure, idan aka taka birki da ƙarfi ko aka sha kwana, tana iya zamewa alhali mai goyo ce a bakinta, idan kuwa haɗari ya auku, Allah Ya kiyaye, ƙullin igiyar ne zai hana mutane fita. Makullin da ya daina kamawa canza shi ake yi, tun motar tana tasha, kafin a kira fasinja na farko.