Gansakuka a Kan Soro

Ana roƙon Hakimai da malamansu su bayyana wa jama'a wannan magana tun rani bai wuce ba.

Gansakuka ba ta tsiro sai inda laima ta daɗe. Saboda haka in rufin soro ya yi kore, lalle ruwa na kwana a wurin, watau ko indararo ya toshe, ko daɓe ya lotsa, ko kuwa reshen itace ya tare rana. Ita kuwa tana riƙe ruwa, ƙasa ta jiƙe ta yi nauyi, azara ta ruɓe, har ɗaki ya rufta wa masu barci cikin markar watan Agusta.

Kada a kankare ta da danshi, gama za ta taso da ƙasar rufi, ga kuma santsi. Sai ta bushe da rani a kankare a hankali, a share. Sa'an nan magini ya cike inda ya lotsa, ya karkata daɓen wajen indararo, ya shafe da makuba. Mai hali ya yi laso, wanda a ke haɗawa da katsi da gashin jima da dafara, ya fi ƙarko nesa.

Da damina kuwa, bayan kowane ruwa mai ƙarfi, maigida ya duba bakin indararo ya kwashe ganye.