Horon bayan kaka a ƙungiyar Toronto Raptors

Horon bayan kaka shi ne atisaye da gyaran wasa da 'yan ƙwallon kwando ke yi tsakanin ƙarshen kakar wasa da farkon mai zuwa. A gasar NBA ta Amurka da Kanada, kowace ƙungiya tana buga wasanni 82 daga watan Oktoba zuwa tsakiyar Afrilu, sannan a shiga zagayen fitar da gwani har zuwa Yuni. Ƙungiyar da aka fitar da wuri takan samu kusan wata biyar babu gasa. A cikin kaka ana wasa kusan duk bayan kwana biyu, ga tafiye-tafiye, don haka ba a cika samun sararin koya wa ɗan wasa sabon abu ba, sai a lokacin hutu. Toronto Raptors, wadda ita kaɗai ce ƙungiyar NBA da ke Kanada a yanzu, ta yi suna tsakanin 2015 da 2020 wajen amfani da wannan lokaci ta mai da matasan da ba a damu da su ba manyan 'yan wasa.

Dalilin dogaro da horo

An kafa Raptors a 1995. Tun daga lokacin ta sha wahalar jawo fitattun 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare a wasu ƙungiyoyi, kuma akan danganta hakan da sanyi, da haraji, da kasancewarta a wajen Amurka. Taurarin da ta raina da kanta ma sun tafi: Vince Carter ya koma New Jersey a 2004, Chris Bosh kuma ya koma Miami a 2010.

A 2013 aka naɗa Masai Ujiri babban manajan ƙungiyar. An haife shi a Ingila a 1970, amma a Zariya ya tashi, a can kuma ya fara ƙwallon kwando. A zamaninsa aka samar da abubuwa biyu da horon ya tsaya a kansu. Na farko ita ce ƙaramar ƙungiya mai suna Raptors 905, da aka kafa a 2015 a garin Mississauga da ke maƙwabtaka da Toronto, tana wasa a ƙaramar gasar NBA wadda ake kira G League tun 2017. Lambar 905 ta wayar tarho ce ta yankin. Na biyu shi ne sabon ginin atisaye da aka buɗe a 2016, wanda yanzu ake kira OVO Athletic Centre. Kusancin wuraren biyu ya sa matashi na iya atisaye da babbar ƙungiya da safe, da dare ya buga wa ƙaramar wasa.

Yadda hutun ke tafiya

Da zarar kaka ta ƙare, masu horarwa sukan zauna da kowane ɗan wasa, su faɗa masa abin da ake so ya gyara. Galibi abu ɗaya ne ko biyu, misali jifa daga kusurwar fili ko sarrafa ƙwallo da hannun da bai ƙware da shi ba. Daga nan akan huta na 'yan makonni don jiki ya warware, wanda ke da rauni kuma a yi masa tiyata idan ta kama.

A ƙarshen Yuni ake zaɓen sababbin 'yan wasa, zagaye biyu, kowane zagaye mutum 30. A Yuli sai gasar Summer League ta birnin Las Vegas, wadda aka fara a 2004, kuma tun 2018 duka ƙungiyoyi 30 ke halarta. Sababbin zaɓaɓɓu, da 'yan shekara ta biyu, da masu neman gurbi ne ke buga ta. Sakamakon wasannin ba shi da wani nauyi. Abin da masu horarwa ke kallo shi ne wane ne zai iya tsare abokin karawa, wane ne ke riƙe tsarin wasa a kansa.

Agusta da farkon Satumba su ne lokacin aiki na ƙashin kai. Tsofaffin 'yan wasa ba a tilasta musu zuwa, kuma da yawansu suna da masu horarwa na kansu. Matasan Raptors sun saba taruwa a Los Angeles, inda koci Rico Hines ke shirya wasannin atisaye a jami'ar UCLA, su kara da taurarin wasu ƙungiyoyi. Daga baya, a 2022, Raptors ta ɗauki Hines cikin masu horar da ita. A ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba ake buɗe sansanin horo na hukuma, a rage yawan 'yan wasa zuwa 15, ban da masu kwantiragin da ke ba su damar wasa a babbar ƙungiya da ƙaramar. An ɓullo da irin wannan kwantiragi a 2017 da gurbi biyu, aka ƙara zuwa uku a 2023.

Pascal Siakam da Fred VanVleet

Misalin da aka fi kawowa shi ne Pascal Siakam, haifaffen Douala a ƙasar Kamaru, wanda bai fara ƙwallon kwando sosai ba sai da ya kusa gama sakandare. Raptors ta zaɓe shi a matsayi na 27 a 2016 daga jami'ar New Mexico State. Ya zo da gudu da kuzari, amma ba ya jifa daga nesa, kuma ba a yarda ya riƙe ƙwallo ya shirya wasa ba. A kakarsa ta farko matsakaicin makinsa 4.2 ne a kowane wasa. Aka tura shi Raptors 905, wadda ta ci kofin ƙaramar gasar a 2017 ƙarƙashin koci Jerry Stackhouse, aka kuma zaɓe shi gwarzon wasannin ƙarshe.

A kaka ta biyu makinsa ya kai 7.3, amma jifarsa mai maki uku kashi 22 cikin ɗari kawai ke shiga, abin da ya sa abokan karawa ke barin sa shi kaɗai a waje su koma tsare ƙarƙashin kwando. A hutun 2018 ya duƙufa kan wannan jifa, musamman daga kusurwa, da kuma tafiya da ƙwallo da juyin da ya zama alamarsa. A kakar 2018–19 jifar ta haura zuwa kusan kashi 37, makinsa ya kai 16.9, ya kuma karɓi kyautar ɗan wasan da ya fi kowa ci gaba a NBA. Amfanin gyaran bai tsaya kan makin da yake ci daga nesa ba: da mai tsaronsa ya zama dole ya fito ya tare shi, sai hanyar kwando ta buɗe masa da abokan wasansa. Ya ci maki 32 a wasan farko na karawar ƙarshe da Golden State Warriors, kuma Raptors ta ɗauki kofin a Yunin 2019 da ci 4 da 2.

Fred VanVleet kuwa babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a 2016, saboda ana ganin ya yi gajarta. Ya buga wa Raptors gasar Las Vegas, ya tsallake sansanin horo, ya yi ta kai da kawo tsakanin Toronto da Mississauga. Shi da Siakam suna cikin 'yan bencin da suka taimaka wa ƙungiyar ta ci wasanni 59 a kakar 2017–18. Ya ci maki 22 a wasan da aka ɗauki kofin 2019, a 2020 kuma ya sa hannu kan kwantiragin shekara huɗu na dala miliyan 85, wanda a lokacin babu ɗan wasan da ba a zaɓa ba da ya taɓa samun kamarsa. Norman Powell, na 46 a zaɓen 2015, da OG Anunoby, na 23 a 2017, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, su ma a nan suka samu gogewa.

Iyakoki da haɗari

Bai dace a jingina kofin 2019 ga horo kaɗai ba. Gwarzon wasannin ƙarshe shi ne Kawhi Leonard, wanda aka karɓo daga San Antonio a Yulin 2018 ta hanyar musaya da DeMar DeRozan da Jakob Poeltl. Sai dai su biyun nan ma Raptors ce ta zaɓe su ta raine su har suka yi darajar da za a yi musayar da su. Bayan Leonard ya koma Los Angeles Clippers, ƙungiyar ta ci wasanni 53 cikin 72 a kakar da annobar korona ta gajarta.

Ba kowane matashi tsarin ya karɓa ba. Bruno Caboclo ɗan Brazil, wanda aka zaɓa na 20 a 2014, ya zo kafin a kafa Raptors 905, ya yi shekararsa ta farko kusan a zaune. Wasanni 25 kacal ya buga wa babbar ƙungiyar kafin a tura shi Sacramento a 2018.

Akwai kuma haɗarin rauni, wanda ya shafi duka ƙungiyoyin NBA. Paul George na Indiana ya karye a ƙafa a wasan atisayen tawagar Amurka a Agustan 2014, Chet Holmgren na Oklahoma City kuma ya ji rauni a tafin ƙafa a wani wasan hutu a Seattle a Agustan 2022, ya rasa kakarsa ta farko gaba ɗaya. Siakam kansa an yi masa tiyata a kafaɗa a Yunin 2021, ya yi hutun yana jinya, bai samu buga wasannin farko na kakar ba.

Ɗan wasan da aka raina yakan yi tsada idan kwantiraginsa ya ƙare, ga kuma dokar NBA da ta ƙayyade abin da ƙungiya za ta kashe kan albashi. VanVleet ya koma Houston a 2023, aka yi musayar Anunoby zuwa New York a Disambar shekarar, Siakam kuma zuwa Indiana a Janairun 2024. Ujiri ya bar ƙungiyar a Yunin 2025.