Shirin Musamman: Zargin Leƙen Asiri da Ma'aunin Labari

Daga nan Minna muke kawo muku shirin na yau, kan wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a teburan masu shayi na Bosso da Tunga da rumfunan Kasuwar Kure: wa ke yi wa wa leƙen asiri, kuma maganar wace kafar yaɗa labarai za a kama?

A ranar 25 ga Disamban 2024, shugaban mulkin sojan Jamhuriyar Nijar, Janar Abdourahamane Tiani, ya yi hira da harshen Hausa a gidan talabijin na gwamnatinsa. Ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa don a hargitsa ƙasarsa, har ya ambaci dajin Gaba a Jihar Sakkwato. Kafin ka ce kwabo, guntayen hirar sun cika WhatsApp. Ministan yaɗa labarai na Najeriya, Alhaji Mohammed Idris, ɗan wannan jiha tamu, ya fito ya musanta, haka ma mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Malam Nuhu Ribadu.

Sai majalisar masu shayi ta rabu biyu. Wannan ya ce ai ya ji da kunnensa daga bakin Janar. Wancan ya ce ai gwamnati ta ƙaryata a BBC. Kowannensu ya tabbatar da abu ɗaya ne kawai: an faɗa. Mai zargi da mai musu duka suna da ƙafa a cikin shari'ar, kuma ba a yanke hukunci da bakin masu ƙara kaɗai.

Ita kanta Nijar ta taɓa ɗanɗana kuɗar irin wannan. A farkon 2003, Shugaba George Bush na Amurka ya gaya wa duniya cewa Saddam Hussein na Iraƙi na neman yuraniyom daga Afirka, kuma wasu takardu suka riƙa yawo masu nuna cewa da Yamai aka ƙulla cinikin. Manyan jaridu suka ɗauka. Da ƙwararrun hukumar makamashin nukiliya ta duniya suka duba, sai ga wata wasiƙa mai kwanan watan Oktoban 2000 ɗauke da sa hannun ministan harkokin wajen Nijar da ya bar kujerar tun shekaru fiye da 10 kafin nan. A ranar 7 ga Maris, shugaban hukumar, Mohamed ElBaradei, ya shaida wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa takardun na jabu ne. Ba a cika mako biyu ba aka afka wa Iraƙi. Girman sunan jarida bai hana ta yaɗa ƙarya ba. Duba sa hannu ɗaya na cikin abubuwan da suka tona asiri.

Malaman hadisi sun riga mu sanin wannan: kafin su karɓi magana, sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum. Haka za mu yi wa labari. Wa ya gani da idonsa? Akwai takarda ko hoto mai kwanan wata da wuri? Wakilin kafar ya taka zuwa dajin da ake magana, ko sanarwa ya karanta? Wa ke biyan albashinsa? RFI ta gwamnatin Faransa ce, talabijin ɗin Yamai na hannun sojoji, kuma Nijar ta dakatar da RFI da France 24 a 2023, ta dakatar da BBC na wata 3 a Disamban 2024. Inda aka toshe bakuna, murya ɗaya ake ji. Sannan shafuka 20 da suka kwafi sanarwa ɗaya, shaida ɗaya ne, ba 20 ba.

Leƙen asiri gaskiya ne, ƙasashe na yi wa juna. Amma zargin da ba hujja yana iya raba 'yan'uwan da suka haɗa harshe da kasuwa da auratayya. Don haka, mai sauraro, kafin ka danna turawa, tambayi wanda ya aiko maka: daga ina ka samo? In bai da amsa, bar saƙon ya mutu a wayarka.

A nan muka kawo ƙarshen shirin. Mu kwana lafiya.